Yadda Ake Ɗora Labarin Almara a Kan Duniyar da Wani Ya Gina

Akwai tambayar da ta daɗe tana cina tun ina aji huɗu na firamare, ranar da malaminmu ya ba mu labarin Bayajidda. Ya ce mutanen Daura ba sa samun ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke ciki, wanda ake kira Sarki. Daga nan ya wuce kan baƙon da ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa babu, ya karɓi guga ya je ya sare kan macijin. Hankalin 'yan aji duk ya tafi kan takobi. Ni kuwa nawa ya tsaya a kan sauran kwana shidan. Wadda tulunta ya fashe ranar Asabar fa, ya take yi? Mai jego fa, da ke buƙatar ruwan wanka safe da yamma? Wa ke raba ruwan, wa ake ƙwara?

Sai da na girma na fara aiki sannan na zauna, a kan waya, bayan sallar isha'i, na rubuta wa kaina amsa. Ya ci mini wata bakwai. Irin wannan rubutun shi 'yan intanet ke kira fanfik. Ni ina ce masa labarin ɗori, domin ginin wani ka tarar, ka ɗora naka ɗakin a kai. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce, amma na sha wuyarsa har na gane inda ake tuntuɓe. Ga yadda nake bi, mataki-mataki, kuma da labarin rijiyar nan zan riƙa ba da misali.

Na farko: zaɓi duniyar da ka sani kamar yunwar cikinka

Kada ka ɗauki labari don kawai ana yayinsa. Ɗauki wanda ka karanta ko ka ji har ka gundure shi amma bai gundure ka ba, wanda in wani ya yi kuskure wajen ba da shi za ka ji jikinka ya tsuma. Littafin yaƙi ne da ka yi ta karɓar haya a shagon unguwa, ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko fim ɗin matsafa na ƙasar waje, duk ɗaya ne.

Sai dai ka san mai ginin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare rubutun adabi tsawon rayuwar marubuci, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ɗauki Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981: ayyukansa ba su fita daga wannan kariya ba tukuna, kuma ba za su fita ba sai bayan 2051. To balle marubuciyar da ke raye, tana sayar da littafinta a waya don ta ciyar da gida. Idan a kan littafin mai rai za ka ɗora, ka aika mata saƙo ka nemi izini, ka rubuta sunanta a saman kowane feji, kuma kada ka karɓi ko sisin kwabo a kai. Wasu marubutan suna murna da ɗori, wasu ba sa so sam, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. In ta ce a'a, ka haƙura. Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar ya soma da tatsuniya ko labarin kaka da kakanni. Nan ma ba fili ba ne marar mai shi: labarin Bayajidda tarihin mutane ne da ke raye, rijiyar tana nan a Daura, ana zuwa ana gani. Da ladabi ake shiga.

Na biyu: ware abin da ba ya taɓuwa

Samo littafin rubutu mai feji arba'in, irin na 'yan makaranta. Ja layi a tsakiyar shafi. A dama ka rubuta abin da duk ruwayoyi suka haɗu a kai, a hagu abin da aka saɓa. A nawa, ɓangaren dama ya ƙunshi: sarauniya ce ke mulkin garin, Daurama, rijiya Kusugu, ruwa sai Juma'a, baƙo ya zo da dare, tsohuwa ce ta sauke shi, da safe mutane suka yi ta iƙirarin su suka kashe macijin, aka ce su kawo kan, suka kasa. Ɓangaren hagu kuwa: wasu sun ce maciji, wasu macijiya, wasu sun ce takobi, wasu wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, wasu sun ce ya bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin rijiya.

Na dama haramiyarka ne, kada ka taɓa. Mai karatu ya zo wurinka ne don yana son wancan labarin, in ka rushe masa shi, ba zai yafe ba. Na hagu kuwa naka ne, ka zaɓi wanda ya dace da tafiyarka.

Na uku: nemo giɓi

Nan ne ran aikin yake. Kowane labari, komai cikarsa, yana barin wurin da ya tsallake: mutumin da aka ambata sau ɗaya aka watsar, shekarun da aka ce "bayan an daɗe", ɗakin da ba a taɓa buɗewa ba. Masu farawa sukan yi kuskuren sake ba da labarin asali da wasu kalmomi, su bi jarumi ƙafa da ƙafa daga Barno zuwa Gaya zuwa Daura. Wannan maimaici ne. Mai karatu ya san ƙarshensa, kuma wanda ya fara faɗa ya fi ka iyawa.

Hanyar da nake bi ita ce in jera tambayoyi goma da labarin bai amsa ba, in kwana biyu ban duba ba, sannan in ga wacce ce ta biyo ni har cikin barci. Tawa ita ce kwana shidan nan. Daga ita na rubuta jimla guda, na liƙa a bangon littafin: *Jikar Ayana tana satar ruwa daga Kusugu da dare don ta ceci ƙaninta mai zazzaɓi, kuma kowane guga da farashinsa.* In ba ka iya faɗin labarinka a jimla ɗaya mai ɗauke da mutum, da abin da yake so, da abin da zai rasa, to kada ka fara taifin tukuna.

Na huɗu: kafa wa abin al'ajabi doka

A nan zan daɗe, domin nan ne yawancin labaranmu na almara ke karyewa. Jarumi ya shiga tsaka mai wuya, dakaru dubu sun kewaye shi, sai kawai ya tuna da wani zobe da ba a taɓa ambata ba, ya murza, ya ɓace. Sau ɗaya za ka yi wa mai karatu haka ya daina jin tsoro, kuma in ya daina jin tsoro ya daina karatu. Sihirin da ke iya komai ba ya barin labari ya yi numfashi.

Kafin ka rubuta babi na ɗaya, amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Me abin nan yake iya yi? Me ba ya iyawa ko da sama da ƙasa za su haɗu? Me ake biya? Wa ya san da hakan, wa bai sani ba?

Ga nawa. Macijin ba ya kashe wanda ya zo ɗiba a ranar da ba Juma'a ba; wannan faɗar mutanen gari ce kawai. Yakan bar ka ka ɗiba, amma kowane guga ɗaya yana tafiya da suna ɗaya daga cikin kanka. Ba mutumin kake mantawa ba, sunansa ne ke ɓacewa, kuma ko an sake faɗa maka ba ya zama. Macijin ba ya fita daga rijiya, ba ya magana, ba ya mayar da abin da ya karɓa. Tsofaffi uku kaɗai suka san wannan, Ayana na cikinsu.

Ka lura, dokar nan ba ta saɓa wa asali ba. Har yanzu gari na tsoron rijiya, har yanzu ruwa sai Juma'a. Abin da na yi shi ne na ba tsoron dalili. Kuma da zarar dokar ta tsaya, sai ta fara haifar mini da babuka ba tare da na matsa mata ba. Guga na farko, yarinyar ta manta sunan wata maƙwabciya, ta ga ai abin da sauƙi. Na biyar, ta tsaya a gaban ƙawarta bakinta a buɗe. Mai karatu kuwa tun daga nan ya hango inda aka dosa: ƙanin da take yi domin shi, wata rana sunansa ne zai faɗa rijiya. Ban taɓa faɗa masa haka ba, shi ya ƙirga da kansa. Wata mai karatu ta rubuto mini cewa ta riƙa lissafa gugunan a bayan littafin ɗanta.

Doka in ka kafa ta, kai ne farkon wanda za ta ɗaure. A babi na sha ɗaya na so ƙwarai in sa macijin ya yi magana, domin na matsu in bayyana wani sirri. Kwana uku ina kai-kawo. Na ƙi, na nemo wata hanyar: sirrin ya fito daga bakin Ayana, a daren da ta kira jikarta da "ke yarinya" sau uku, jikar ta gane cewa kakarta ma ta taɓa ɗiban ruwan dare, kuma sunan ita jikar ne aka biya. Wannan fejin ya fi duk abin da na taɓa rubutawa, kuma ƙin karya doka ne ya ba ni shi.

Wata magana da ta shafe mu musamman. Masu karatunmu mutane ne masu kishin addini, kuma za su tambaye ka. Ni ra'ayina, kada ka haɗa ayar Alƙur'ani ko addu'ar da aka ruwaito da surkullen da ka ƙaga. Kada ka rubuta tsafi dalla-dalla kamar kana koyar da shi. Abin da ka ƙirƙira ka bar shi a matsayin ƙirƙira, ka faɗa a shafin farko cewa almara ce. Mun taso da "ƙurunƙus kan kusu", mun san bambancin tatsuniya da wa'azi; marubuci ne ke rikita su in bai yi hattara ba.

Na biyar: mutanenka da mutanen aro

Mutane iri biyu ne a labarin ɗori. Na aro ka riƙe su amana. Daurama tawa ba ta wasa, ba ta yawan magana, sau biyu kacal ta fito a labarin gaba ɗaya, domin sarauta in ta cika bayyana kwarjininta raguwa yake. Kafin ka sa magana a bakin wanda ka aro, tambayi kanka: in an cire sunansa, masu son labarin asali za su gane shi ne?

Naka kuma, ka tsare kanka daga son zuciya. Masu rubutun ɗori a Amurka suna da suna ga wannan ciwo tun 1973, suna cewa Mary Sue: jarumar da ta fi kowa kyau, ta fi kowa ilimi, kowa ya gan ta sai ya kamu, ba ta taɓa kuskure. Mu ma mun san ta, fara doguwa mai gashi har gadon baya, da ake kwashe feji biyu ana siffantawa. Jarumata, jikar Ayana, na sa mata suna Marka, don an haife ta cikin marka a garin da ke fama da ƙishi. Gajeriya ce, tana da taurin kai, tana yi wa kakarta ƙarya ido cikin ido, kuma akwai ranar da ta sayar da ruwan da ta sata don ta sami abin wuya. Masu karatu sun yi fushi da ita a wannan babin, wasu har da zagi. Ba wanda ya daina karantawa.

Na shida: me ke cikin tukunya?

Duniya da ƙananan abubuwa ake gina ta. A daftarina na farko na sa Ayana tana gasa masara, tana jajjaga tattasai da tumatir. Wani ɗan'uwa mai karatun tarihi ya duba ya ce, "Yaya, duk waɗannan daga nahiyar Amurka suka zo, bayan 1492." Haka gyaɗa, haka rogo, haka barkono. Na koma na share. Abin da ya rage shi ne gero da dawa, wake da gujiya, kuka da kuɓewa da daddawa, yaji kuwa masoro da kimba. Kuɗi ma sai da na gyara, domin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, kuɗin wuri suka shigo ƙasar Hausa. Saboda haka Marka ba ta karɓi wuri ba, musaya ta yi: tulu guda a bakin tsakiya ɗaya, wato dutsen ado na abin wuya.

Ba wai dole almara ta zama darasin tarihi ba. Amma gyaran nan ya ƙara wa labarin ƙamshi. Da na cire tumatir na sa daddawa, sai na ji madafin Ayana a hancina. Harshe ma haka: babu "minti biyar", babu agogo, sai hantsi, da rana tsaka, da sanyin la'asar, da kukan zakara na fari.

Na bakwai: zauna ka rubuta

Kada ka buɗe da tarihin duniya. Buɗewata ta farko ita ce, "A wani zamani can baya mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani babban birni mai suna Daura," na bi ta da shafi uku na bayanin sarauta. Wanda ya zo karanta ɗori ya riga ya san birnin. Ga wadda na maye gurbinta da ita:

*Ranar Talata ruwan gidan Ayana ya ƙare. Marka ta karkata randa har ta ji kasko yana kankarar yashi, ta tsiyayo abin da bai kai cikin ludayi ba. A ɗaki, ƙaninta Tanko ya daina kuka tun hantsi, kuma wannan shirun ya fi kukan ba ta tsoro. Saura kwana uku Juma'a.*

Layi huɗu, an san wa ke so, me take so, kuma lokaci na tafiya.

Tsara babukanka kafin ka fara, ko da layi ɗai-ɗai ne, kuma ka san na ƙarshe. Nawa ashirin da biyu ne, kowanne kalma dubu da ɗari biyar zuwa dubu biyu, gwargwadon abin da mutum zai karanta a waya kafin idonsa ya gaji. Kowane babi ya ƙare wani abu ya canza: an san abin da ba a sani ba, ko an rasa abin da ake da shi. Kada ka saki babin farko sai kana da aƙalla biyar a ajiye. Rashin lafiya na zuwa, biki na zuwa, wuta na ɗaukewa kwana uku. Kuma in kana rubutawa yau ka saki yau, masu karatu ne za su ƙwace linzamin: wannan ta ce a aurar da Marka ga baƙon, waccan ta ce a kashe Ayana, kai kuma don kada su gudu sai ka bi. Ka saurare su in sun ce ba su gane wani wuri ba, domin a nan kusan kullum su ke da gaskiya. In sun ce ga yadda labari zai tafi, ka gode musu, ka ci gaba da tsarinka.

Na takwas: dubawa, saki, da ajiya

Nemi mutum biyu: ɗaya wanda ya san labarin asali, ya kama ka in ka saɓa, ɗaya wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, ya raba maka "ƙasa" da "kasa", "ɗaki" da "daki", ya hana ka rubuta "yace" da "tazo" maimakon "ya ce" da "ta zo". Sa wa wayarka allon rubutu mai ƙugiya. Sannan ka karanta kowane babi da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ba ta da lafiya.

Wurin saki yana da yawa. Akwai Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, inda marubutan Hausa suka daɗe da yin sansani. Akwai shafin AO3, wato Archive of Our Own, da aka buɗe wa jama'a a 2009 musamman don labaran ɗori, kuma ba a yarda a yi tallan kasuwanci a cikinsa ba. Akwai zaurukan WhatsApp da Facebook, inda aka fi samun masu karatu da wuri, kuma aka fi yin sata. Ni an taɓa tattara babukana goma sha huɗu, aka goge sunana, aka canza wa Marka suna, ana sayarwa ɗari uku-uku. Wata ɗalibata ce ta turo mini tana cewa, "Anti, ga wani littafi irin naki." Na yi kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Abin da ya cece ni shi ne na fara sakin kowane babi a shafin da ke nuna kwanan wata, sai na nuna hujja, masu kula da zauren suka cire. Tun daga nan nake sa sunana a farko, da tsakiya, da ƙarshen kowane feji, kuma duk daren da na gama rubutu nakan aika wa kaina kwafi ta imel kafin in kwanta.

Inda za ka tsaya

Labarin ɗori yana da iyaka ta halitta: wurin da ya sadu da na asali. Mutane da dama sun roƙe ni in nuna kisan macijin, in kai har auren Daurama da haihuwar Bawo. Ban yi ba, wannan ɓangaren an riga an faɗe shi shekaru aru-aru. Babina na ƙarshe daren Alhamis ne. Tanko ya warke, yana barci. Marka na zaune a kansa tana kallon fuskarsa, tana motsa leɓe tana neman abin da za ta kira shi. Sai aka ji takun wata dabba da ba a saba ji ba a ƙofar gida, wata baƙuwar murya ta yi sallama ta nemi ruwan sha. Ayana ta dubi jikarta, ta dubi gugan da ke rataye a jikin garka, igiyarsa ko bushewa ba ta yi ba, ta miƙe a hankali ta ciro shi.